Igwa a Hannun Masu Tsaron Ganuwa: Daga Kustantiniyya (1453) zuwa Rodas (1522)

Gabatarwa

Abin da aka fi sanin igwa da shi a tarihin yaƙe-yaƙen dā shi ne rushe ganuwa. Duk ɗalibin da ya karanta labarin cin birnin Kustantiniyya yana iya faɗin girman igwar da Sultan Muhammadu na Biyu ya jawo daga Adirna, amma da wuya a sami wanda zai ce ko mutanen cikin birnin suna da tasu, balle abin da suka yi da ita. Wannan takarda za ta tsaya ne a bayan ganuwa, watau wajen waɗanda aka kewaye. Za a ɗauki yaƙi uku, dukkansu tsakanin Turkawa da Nasara a gabashin Bahar Rum: na Kustantiniyya a 1453, da biyu na tsibirin Rodas a 1480 da 1522. Abin da nake so in nuna shi ne, igwa ba ta amfanar mai tsaron gari sai an sake gina ganuwar dominta, kuma wadda ta fi yin aiki ita ce wadda aka juya bakinta ta bi jikin ganuwa, ba wadda ke jifan sansanin abokan gaba can nesa ba. Zan riƙa cewa Turkawa maimakon Daular Usmaniyya, don kada a rikita ta da tamu ta Sakkwato.

Ganuwar da ta girmi igwa

An gina ganuwar tudu ta Kustantiniyya a farkon ƙarni na biyar, zamanin Sarki Tiyodosiyus na Biyu, watau shekara dubu da 'yan kai kafin Muhammadu ya zo. Tsawonta wajen mil huɗu ne, daga Tekun Marmara zuwa mashigin ruwan da ake kira Ƙahon Zinariya. Hawa uku ce. Da fari akwai gwalalo mai faɗin ƙafa 60, sa'an nan garu na waje, sa'an nan babban garu na ciki mai tsayin ƙafa 40 da kaurin ƙafa 16, an jera masa hasumiya 96. Rundunar Larabawa ƙarƙashin Maslama ɗan Abdulmalik ta zaune mata a 717 zuwa 718 ta tashi ba ta shiga ba, haka kuma Sultan Muradu na Biyu, mahaifin Muhammadu, a 1422. Ko mayaƙan Salibi da suka ci birnin a 1204 ta garun bakin ruwa suka shiga.

Magina na wancan zamani tsayi suke nema, domin abin da suke tsoro tsani ne da kibiya da majaujawar jifan dutse. Garu mai tsawo yana gagarar tsani, yana kuma ƙara wa kibiyar na sama nisa. Kauri kuwa sai daidai abin da zai ɗauki tsayin, ya bar 'yar hanya a bisa inda maharba za su tsaya. To, igwa ba ta zama a irin wannan wuri. Tana da nauyi, in ta tashi takan yi shuri da baya, ƙarfin shurin kuma cikin ginin yake sauka. Bugu da ƙari, wadda aka ɗora can sama ba ta iya sunkuyar da baki ta harbi wanda ya riga ya iso gindin garu, alhali a nan ne ake kafa tsani, a nan ne kuma ake fara haƙa.

Shi Muhammadu ya gane haka tun kafin yaƙi. A 1452 ya gina sansanin Rumeli Hisar a inda mashigin Bosforus ya fi ƙunci, cikin wata huɗu da rabi, amma manyan igwoginsa bai kai su kan hasumiya ba. A ƙasa ya girke su, daf da ruwa, inda dutsen zai bi saman ruwa ya sami jirgi a ciki. A Nuwamba na wannan shekara wani jirgin Benis, ƙarƙashin Antonio Rizzo, ya ƙi tsayawa, aka nutsar da shi. Ke nan ginin farko da aka tsara da igwa a zuciya a wannan yaƙi na mai kawo hari ne.

Labarin Orban sananne ne, ba sai na daɗe a kansa ba. Gwanin zubin tagulla ne da ake dangantawa da ƙasar Hangari. Wurin Sarkin Rum, Kustantin na Goma sha Ɗaya, ya fara kai kansa, aka kasa biyansa, aka kasa sama masa kayan aiki, ya koma wurin Sultan. Igwar da ya zuba a Adirna tsawonta wajen ƙafa 27, dutsen da take jefawa ya kai rabin tan, shanu sittin suka ja ta, kuma ba ta tashi fiye da sau bakwai a yini saboda sai ta huce. Sau da yawa akan ce da Sarkin Rum ya biya Orban da labari ya sha bamban. Ban yarda da wannan ba. Da an zuba ta a cikin birni, ina za a ɗora ta?

An fara kewaye birnin ran 6 ga Afrilu, 1453. Masu tsaro ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba, cikinsu har da mutum 700 da Giustiniani, wani jarumin Jenowa, ya zo da su. Suna da igwogi, kuma marubutan lokacin sun faɗi abin da ya same su. Leonard na Kiyos, limamin Kirista da aka yi yaƙin a gabansa, ya ce gishirin da ake haɗa albarushi da shi ya yi ƙaranci, kuma manyan igwogin an ji tsoron tayar da su don kada su girgiza garunsu na kansu. Chalkokondyles ya ƙara da cewa ɓarnar da suka yi wa garun ta fi wadda suka yi wa Turkawa, kuma babbarsu fashewa ta yi. Abin da ya yi musu rana shi ne ƙananan. Doukas ya siffanta wata iri da ake ɗura wa dalma biyar ko goma, kowace kamar ƙwallon goro, wadda in aka sake ta cikin cunkoso takan huda mutum ta wuce ta sami na bayansa. Irin wannan tana aiki ne kurkusa, sa'ad da mayaƙa suka taru a bakin ɓaraka. Ƙarancinsu ya kai har ana gobe za a yi karon ƙarshe Giustiniani ya yi sa-in-sa da Notaras, babban wazirin Sarki, a kan a ba shi igwogin da ke wajen garun bakin ruwa.

Amma abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa ba igwa ba ne, ƙasa ce. A kwarin Likus, inda Turkawa suka girke manyan igwoginsu, garu na waje ya zube tun cikin makonnin farko. Kowane dare mutanen gari, maza da mata, sukan fito su cike gurbin da itace da baraguzai da ƙasa, su jera gangunan da aka ɗura wa ƙasa a bisa su zama abin fakewa. Da gari ya waye sai a ga dutsen da ke farfasa ginin dutse yana nutsewa cikin wannan tudu ba tare da ya yi wani abin kirki ba. Kagarar nan ta wucin gadi ita ta riƙe Turkawa har ƙarshe. Babbar igwar Orban ma tsagewa ta yi tun da wuri. Ran 29 ga Mayu, kwana 53 da farawa, an kori hari biyu, na ukun ma bai yi nasara ba sai da aka ji wa Giustiniani ciwo aka ɗauke shi, mutanensa suka bi bayansa.

Wannan al'amari na ƙasa ba baƙo ba ne gare mu. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, da Kanar Morland ya kafa wa Kano igwoginsa huɗu, harsashinsu bai yi wa badala kome ba, domin ginin ƙasa ne mai kauri, wanda Lugga da kansa ya ƙiyasta gindinsa da ƙafa 40. Sai da aka bar garu aka nemi ƙofa, aka kuwa shiga ta Kabuga. Abin da Kanawa suka rasa a ranar shi ne makamin da zai share gaban ƙofa. Damagaram ce aka sani da zuba igwa a gida tun zamanin Sarki Tanimu, kuma mai nazarin ganuwar Zindar zai fi ƙaruwa in ya tambayi inda aka girke igwogin, fiye da tambayar ko guda nawa ne.

Rodas

Tsibirin Rodas yana kusa da gaɓar Turkiyya ta kudu maso yamma, ana hango tudu daga birnin. Tun wajen 1310 yana hannun wata ƙungiyar mayaƙan addini ta Nasara, Baraden Yahaya Mai Tsarki, waɗanda asalinsu masu jinyar mahajjatan Ƙudus ne, daga baya suka zama masu tare jiragen Musulmi a teku. Sun kasu gida takwas bisa ga harshe, aka ba kowane gida yankin ganuwa da zai tsare, shi ya sa za a ji ana cewa yankin Ingila, ko na Italiya, ko na Sifen, ko na Oban.

A Mayu 1480 Muhammadu ya aiko Masihu Fasha, wanda shi kansa ɗan gidan sarautar Rum ne da ya musulunta. Ganuwar Rodas ta lokacin irin ta dā ce, doguwa marar kauri, igwar Turkawa kuwa ta yi mata abin da ta yi wa Kustantiniyya. Ta farfasa hasumiyar Nikolas da ke bakin tashar jirage, ta rushe garun unguwar Yahudawa. Shugaban Baraden, Pierre d'Aubusson, ya sa aka rushe gidajen da ke bayan ɓarakar aka tayar da sabon garu da rami daga ciki. Ran 27 ga Yuli Turkawa suka hau ganuwa, aka yi ta da takobi, d'Aubusson ya sha rauni, da ƙyar aka tura su baya. A Agusta suka tashi. Da ƙyar ɗin nan ita ce ta koya wa Baraden karatu. Shekara ta zagayo, a 1481 girgizar ƙasa ta ƙarasa abin da igwa ta bari, Muhammadu kuma ya rasu a cikin shekarar.

Abin mamaki, Turkawa na cikin waɗanda suka biya kuɗin sabon ginin. Bayan rasuwar Muhammadu 'ya'yansa biyu suka yi rikicin sarauta, Jam ya sha kashi ya gudo Rodas a 1482, Sultan Bayazidu na Biyu kuma ya yarda ya riƙa biyan zinariya wajen 40,000 kowace shekara don a riƙe masa ƙanensa kada ya dawo.

Shekara arba'in aka yi ana aikin, daga d'Aubusson zuwa d'Amboise zuwa del Carretto. A cikin wannan tsakani ne Sarkin Faransa Sharl na Takwas ya shiga Italiya a 1494 da igwogin tagulla masu harsashin ƙarfe, waɗanda dawaki ke ja, ya riƙa cin garuruwa cikin sa'o'i. Maginan Italiya suka shiga neman magani, kuma daga cikinsu Baraden suka ɗauko gwanaye irin su Basilio della Scuola.

Ga abin da aka yi. An ƙara wa garu kauri daga ciki har ya kai ƙafa 40, samansa ya zama fili da igwa za ta zauna, ta yi shurinta, a kuma gungura ta daga wannan wuri zuwa wancan. An kawar da siraran haƙoran da maharba kibiya ke fakewa a bayansu, aka yi bango mai kauri mai gangare, aka huda masa tagogi masu buɗewa waje don bakin igwa ya sami juyawa. An faɗaɗa gwalalo ƙwarai, a wasu wurare aka yi shi biyu, aka bar dogon tudu a tsakiya wanda ke tare gindin garu daga harbi. An toshe wasu ƙofofi, domin kowace ƙofa rauni ce. Sa'an nan aka zo ga abin da ya fi duka, watau gine-ginen da suka turo kai cikin gwalalo daga jikin garu, waɗanda Turawa ke kira bastiyon. A ƙasan kowane akwai ɗakuna masu rufin baka, da tagogin igwa suna duban tsawon gwalalo dama da hagu. Mai harbi daga sansanin waje ba ya ganinsu, balle ya same su. Amma duk wanda ya sauko gwalalo, ko ya taru a bakin ɓaraka, ya ba su haƙarƙarinsa. Harsashin da aka harba daga gaba mutum ɗaya ko biyu zai samu, wanda ya bi tsawon sahu kuwa sai ya tafi da sahun.

Ba a yi aikin da tsari ɗaya ba, kuma ana iya ganin haka a Rodas har yau. Bastiyon na Italiya, wanda del Carretto ya gina, kewayayye ne. Na Oban mai kusurwoyi ne. Bambancin ba na ado ba ne. Gini kewayayye yana barin wani ɗan fili a goshinsa wanda igwogin maƙwabta ba sa iya sharewa, nan kuwa mai haƙa zai zauna lafiya. Mai kusurwa ba ya barin irin wannan fili, shi ya sa shi ne ya ci gaba a Turai har shekara ɗari uku.

Sultan Sulaimanu ya ci Belgared a 1521, sa'an nan ya juyo kan Rodas. Jiragensa sun iso ran 26 ga Yuni, 1522, shi kuma ya sauka ran 28 ga Yuli, da runduna da ta haura dubu ɗari. Masu tsaro wajen dubu bakwai ne, ƙarƙashin sabon shugaba, de L'Isle-Adam, watau kusan adadin da ya tsare Kustantiniyya, ko da yake dole a lura kewayen Rodas mil biyu da rabi ne kawai, na Kustantiniyya kuwa da garun bakin ruwa ya haura mil goma sha biyu. Wata guda cur igwogin Turkawa suna dukan garu, sun yi ɓarna, amma ba su buɗe hanyar da runduna za ta bi ba. Sai Turkawa suka koma ga abu biyu. Suka tara ƙasa suka yi tuddai har suka ɗara ganuwa tsayi don su harba ciki, suka kuma sa mahaƙan da suka zo da su daga Bosniya da Walakiya su bi ta ƙarƙashin gwalalo.

A ganina wannan komawa ƙarƙashin ƙasa ita ce babbar shaidar cewa igwar tsaro ta yi aikinta. Runduna mai mutum dubu ɗari ba ta zaɓi haƙa rami, aikin da ke cin makonni, don sha'awa. Saman gwalalo ne ya gagara. Maganin haƙa kuwa ya zo daga Gabriele Tadini, wani injiniya da ya sulale daga aikin Benis a tsibirin Kirit ya shigo Rodas. Shi ya sa aka riƙa ɗaure fata kamar ta ganga, a rataya mata 'yan ƙararrawa, a ajiye cikin ramukan tsaro, in ana sara a kusa sai ta kaɗa. Ya kuma huda rijiyoyi don in nakiya ta tashi ƙarfinta ya bi ta nan ya fice. Duk da haka ran 4 ga Satumba wata nakiya ta zubar da wajen yadi goma sha biyu na yankin Ingila, aka yi ta fama a bakin ɓarakar har aka kori masu hari.

Ran 24 ga Satumba aka yi babban karo, a yankunan Sifen da Ingila da Furobans da Italiya gaba ɗaya, Sultan yana kallo daga wani dandamali. Janisari, watau dakarun Sultan na musamman, sun hau bastiyon na Sifen har suka kafa tuta, sa'an nan aka ƙwace shi. Abin da ya hana a ƙaro musu mutane shi ne igwogin yankin Oban da ke maƙwabtaka, waɗanda suka riƙa share gindin garun Sifen daga gefe. Marubutan Turai sun ba da adadi mai yawan gaske na waɗanda suka mutu a ranar, wanda ya kamata a karɓa da hattara, amma fushin Sulaimanu ba a shakkarsa, domin ya tuɓe babban kwamandansa Mustafa Fasha ya naɗa Ahmadu Fasha.

To, me ya ci Rodas? Igwa ciki gare ta, abincinta albarushi, tsibirin da aka kewaye kuwa ba ya samun ƙari. An yi tanadi ana zaton zai daɗe, amma harbin dare da rana na wata biyar ya cinye shi. Mutane ma sun ƙare. A Oktoba harsashi ya sami Tadini a ido. A Nuwamba aka kashe Andrea d'Amaral, ɗaya daga manyan ƙungiyar, bisa zargin cin amana, alamar cewa zukata sun fara ɓaci a ciki. Gudunmawa daga Turai ba ta zo ba, domin Sarki Sharl na Biyar da Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya suna can suna yaƙar juna. Turkawa suka samu gindin zama a cikin baraguzan yankin Sifen, suna ci gaba taku-taku, igwogin gefe kuwa ba abin da za a ɗura musu. Mutanen gari suka matsa a yi sulhu.

Sharuɗɗan da Sulaimanu ya bayar a Disamba ba irin waɗanda ake ba garin da aka ci da takobi ba ne. An ba Baraden kwana goma sha biyu su kwashe kayansu da makamansu su tafi, da alkawarin jirage in nasu sun kasa. Mutanen tsibirin da suka zauna an ɗauke musu haraji shekara biyar, an kuma yi alkawarin ba za a ɗebi 'ya'yansu don aikin soja ba. Ran 1 ga Janairu, 1523, Baraden suka tashi, wata shida da zuwan jiragen Sultan. A 1530 aka ba su tsibirin Malta, inda suka sake gini irin wannan, suka kuma tsaya wa rundunar Sulaimanu a 1565.

Manyan igwogin ganuwa a Rodas aka bar su, suka zauna hannun Turkawa shekara 340. A 1862 Sultan Abdul'azizu ya yi wa Sarkin Faransa Nafoliyon na Uku kyautar wasu daga ciki. Ɗaya tana gidan tarihin soja na birnin Faris, wadda d'Aubusson ya sa aka zuba. Gajera ce mai faɗin baki, nauyinta kilo 3,325, dutsen da take jefawa kilo 260, kuma an yi ta ne don abin da bai wuce yadi ɗari ko ɗari biyu daga gindin garu ba.